Kwanon Tsahiru

Wata bakwai ke nan wayar Tsahiru ba ta shiga.
Saƙonsa na ƙarshe daga Agadas ya zo:
"Mun samu mota, ku sa mu a addu'a."
Daga nan shiru, kamar an shuka dusa.

A gidanmu na Bagalam ba mai cewa tsoro.
Kalmar ta zame mana lomar tuwo mai zafi,
ba ta haɗiyuwa,
ba ta tofuwa gaban mutane.

Inna har yau tiya ɗaya da rabi take aunawa.
Rabin nasa ne.
Ta tuƙa, ta kwashe a kwanon nan mai ɓallen baki,
ta kifa faifai, ta ture shi inda kaji ba su kai.
Da safe ta ɗumama wa ƴaƴan maƙwabta,
ta ce ai hannunta ne ya zarce wajen awo,
tsufa ne, ido ya fara gudu.

Baba bai kama sunansa ba tun farkon damina.
Amma jar akuyarmu ta sha zagi.
Ta ci igiya, zagi.
Ba ta ci ba, zagi.
"Ja'ira mai ƙafar yawo, wa ya aike ki waje?
Dusar gidan nan ba ta ishe ki ba?"
Ita ko tana tuƙa, tana kallonsa.
Shekaranjiya bayan isha'i na iske shi durƙushe
yana cire mata ƙarangiya daga wuya,
ɗaya
bayan ɗaya,
yatsunsa na rawa.

Barira kuwa ta mai da raha sana'a.
Wai Tsahiru ya auri mai raƙuma ɗari,
ya manta Hausa, sai da tafinta zai gaishe mu.
Takan yi dariya har hawaye,
dariyar ta tafi ta bar hawayen a baya.
Ta ce albasa ce.
Albasar tana kasuwa, ba a ko sayo ba.

Ni ne mai hankalin gidan. Haka nake gaya wa kaina.
Na yi lakwal, ina gyaran salula a bakin babbar kasuwa.
Na san yadda layi ke ɗaukewa a hamada,
na san batir, na san zafin da ke kumbura shi,
na san lambar da ake rufewa in ta daɗe ba a sa mata kuɗi ba.
Dalili goma sha biyu gare ni,
na jera su kan tebur kamar ƙananan kusoshi,
duk wanda ya tambaya in miƙa masa ɗaya.

Har na ce wa Lawali mai shayi:
"Mutanen gidanmu duk sun firgice,
ni kaɗai ke riƙe da su."
Ya ɗauraye kofi, bai dube ni ba.
Ya ce, "Wannan na uku ne ka bari ya huce.
Kuma wayar da ka kwance tun hantsi
ba ta kowa ba ce, taka ce."

Na duba. Tawa ce.
Sau nawa na buɗe cikinta a watan nan
ina neman abin da ya hana ta ƙara?

Da la'asar na biyo ta gulbi.
Rani ya shanye shi, yara na ƙwallo a tsakiyarsa.
Wata tsohuwa ta tona yashi kamu ɗaya,
ruwa ya taso a hankali ya cika gurbin.
Na ƙara sauri.

Na iske Inna tana rufe kwano.
Na zauna kan turmin da ke kife,
na buɗe baki in faɗi kalmar.
Abin da ya fito:
"An ce gero zai sauka mako mai zuwa."
Ta ce, "Allah ya sa."
Ta gyara faifan da ba ya buƙatar gyara.

Can zaure Baba na kiran akuya ta shigo:
"Ke! Dare ya yi! Tsa..."

Sai ya yi tari.
Ya daɗe yana tari.